Ko Alheri Yana Bukatar Takardar Izini?

Akwai wata tambaya da mu kan ji a bakin mutanen kirki. Su kan ce, "Ga maraya ba shi da kowa. Ga wani mutum da matarsa can a ƙasar waje, Allah bai ba su haihuwa ba, suna da gida da abinci, suna so su ɗauke shi ya zama ɗansu. Ga kuma wata ƙungiya ta yarda ta haɗa su. To, ina ruwan gwamnati a ciki? Don me za a ce sai ƙungiyan nan ta sami takardar izini, sai an duba littattafan kuɗinta, sai alƙali ya sa hannu? Ashe alheri ma sai da lasin?"

Masu faɗin haka ba wawaye ba ne, tausayi ne ya sa su. Mu kanmu mun daɗe muna juya maganan nan a zuci. Bari mu fara daga gida, gama da abin da mutum ya sani ya ke auna abin da bai sani ba.

A Jega da Aliero da Maiyama, da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da ɗan riƙo ba. In an yaye ɗan fari, kakarsa ta kan ɗauke shi. Matar da ba ta haihu ba, ɗan'uwanta ya kan ba ta yarinya ta riƙe har ta aurar da ita. In mutum ya rasu, ƙanensa ya kwashi 'ya'yan ya haɗa da nasa. Musulmi da masu bi, duk haka mu ke yi tun kakanni, ba kuwa wanda ya taɓa zuwa ofis neman takarda. Amma mu lura da abu biyu. Na fari, ɗan riƙo ba ya rasa sunan ubansa. Kowa ya san ɗan wane ne, shi ma ya sani. Na biyu, idanu suna kansa. Tsakanin garuruwan nan uku tafiya ce da ba ta kai sa'a guda a mota ba. In mariƙiya ta bar yarinya da yunwa ko ta cika dukanta, kafin kasuwa ta ci sau biyu labari ya kai kunnen uwarta. Sai a aiko kawu ya zo "gaisuwa," kowa kuwa ya san abin da ya kawo shi.

Ba mu ce riƙo ba shi da aibu ba. Mun san 'yan riƙon da aka mayar kamar bayi, su ne talla, su ne ɗiban ruwa, 'ya'yan gida kuwa suna makaranta. Mun san sau da yawa idanun nan su kan gani su yi shiru don kunya. Duk da haka akwai ƙofar komowa. Yaro ya san hanyar gidan ubansa, ƙafa kuwa tasa ce.

Aliero ta yi suna da abu biyu, ɗori da albasa, dukansu kuwa suna da abin da za su koya mana a nan. Mai ɗori ba ya rataye takarda a zaurensa. Takardarsa ita ce mutanen da ya ɗora, suna yawo da ƙafafunsu a gari. An san ubansa, an san kakansa. In ya ɓata ƙafa, gurgun yana nan cikin gari yana tafe, kowa yana gani. Albasa kuwa dabam. Da zarar an ɗora buhuna a babbar mota za su Ikko ko Anaca, manomi bai san mai saye ba, mai saye bai san manomi ba. Dole sai da dillali a tsakani, dillalin kuma sai wanda a ke iya kamawa in magana ta tashi, wanda wani sananne ya tsaya masa lamuni. Gwargwadon nisan tafiyar kaya, gwargwadon bukatar mai lamuni. Allah ya kiyaye mu daga kwatanta ɗan mutum da buhun albasa. Abin da mu ke nufi shi ne, in albasa da za ta ruɓe bana a shuka wata baɗi muna neman mai lamuni a kanta, balle yaron da zai haye teku, inda ba kawu, ba kaka, ba mai unguwa, ba mai jin harshen da ya ke kuka da shi?

Akwai kuma wani haɗari da ya ke ɓoye cikin kalmomi. A wurinmu, yaron da ubansa ya rasu maraya ne, ko da uwarsa tana nan da ranta, ga baffanni, ga kakanni. In aka juya kalman nan zuwa bakin Turawa, abin da mai ji a can ya ke ɗauka shi ne yaron da ba shi da kowa a duniya. Haka kuma in uwa ta ce, "Na ba ka shi," riƙo ta ke nufi. Tana sa zuciya zai yi karatu, ya girma, ya komo ya taimaki ƙannensa. Amma a dokar waɗancan ƙasashe, in alƙali ya mai da yaro ɗan wani, an yanke igiyar da ke tsakaninsa da iyayensa har abada. A sake masa suna, a rubuta masa sabuwar takardar haihuwa, gādonsa ya koma wancan gida. Maƙwabtanmu Musulmi, addininsu ya yabi riƙon maraya ƙwarai, amma ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Saboda haka talakar mace a ƙauyen Maiyama, ko wane addini ta ke bi, in aka kama babban yatsanta aka dangwala a takarda, abin da takardan nan ta ke faɗi bai taɓa shiga tunaninta ba. Dillalin da ya ji harsunan nan biyu yana iya cutar ɓangare biyu ba tare da ya yi ƙarya ko guda a fili ba.

Sa'an nan ga kuɗi. Iyalin da ke neman ɗa daga ƙasar waje su kan kashe dala dubu ashirin ko talatin, har fiye. Ba su yi don mugunta ba, kuɗin tafiya ne da na lauya da na ƙungiya. Amma inda irin kuɗin nan ke jira, aikin ya kan juya. Maimakon a nema wa yaro gida, sai a shiga nema wa gida yaro.

Ba tatsuniya mu ke yi ba. A watan Oktoba na 2007, a garin Abeshe na gabashin Cadi, aka kama waɗansu Faransawa na wata ƙungiya mai suna L'Arche de Zoé, suna shirin sa yara 103 cikin jirgin sama zuwa Faransa. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne. Iyalai a Faransa sun riga sun biya kuɗi, suna jira. Har an naɗa wa waɗansu yaran bandeji don a zaci marasa lafiya ne. Da aka bincika, sai aka ga mafi yawansu 'yan Cadi ne, mafi yawansu kuma suna da uwa ko uba da rai. An gaya wa iyayen makaranta za a sa 'ya'yansu, nan cikin ƙasar. Kotun Cadi ta ɗaure mutum shida shekara takwas takwas, Shugaba Idriss Deby ya yafe musu a 2008, sa'an nan a 2013 wata kotu a Paris ta kama shugabanninsu da laifin shiga tsakani a ɗaukar yara ba tare da izini ba. Abin da ya fi ba mu tsoro cikin labarin nan, mutanen ba su ɗauki kansu ɓarayi ba. Sun tabbata ceto su ke yi. Mai mugun nufi ya kan ji tsoro ya ɓuya. Mai kyakkyawan nufi da ba wanda ya isa ya tambaye shi, shi ne ba ya tsayawa.

Tun kafin wannan, irin ɓarnan nan ta riga ta faru a ƙasashen Amurka ta Kudu, da kuma Rumaniya, inda aka kwashe dubban yara cikin 1990 da 1991. Shi ya sa ran 29 ga watan Mayu, 1993, wakilan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan. Ta soma aiki a 1995, ƙasashen da suka shige ta kuwa sun wuce 100. Ta ce kowace ƙasa ta sa hukuma guda wadda za ta ɗauki nauyin al'amarin. Ƙungiyar da ke so ta shiga tsakani sai ta sami amincewar hukuma, ba kuwa za ta riƙe amincewan nan ba sai tana nuna ta iya aikin. Kada ta zama ta neman riba. Shugabanninta da ma'aikatanta su zama waɗanda aka san halinsu da iliminsu. Hukuma ta riƙa duban aikinta da kuɗinta. Ba za ta yi aiki a wata ƙasa ba sai ƙasashen biyu sun yarda. Kafin yaro ya fita kuma, sai an fara neman masa gida cikin ƙasarsa. Sai an zaunar da iyaye an bayyana musu abin da yardarsu za ta jawo. Yardar ta zama a rubuce, ba tilas, ba toshiya, ba kuwa za a karɓi yardar uwa ba sai bayan ta haihu. Labarin asalin yaro kuma a ajiye shi, domin wata rana zai tambaya.

Mai karatu, sake duban ƙa'idodin nan. Kowace ɗaya cikinsu wani abu ne da dangi da maƙwabta su ke yi kyauta a garuruwanmu. Wane ne wannan mutum? Me zai samu a ciki? An tambayi baffan yaron? Uwar ta gane? In abin ya ɓaci wa za a kama? Takardar izini ba kome ba ce sai ƙoƙarin a yi wa yaro idanun maƙwabta a inda ba maƙwabta.

Nijeriya ba ta shiga yarjejeniyan nan ba, ko da ya ke Gana ta shiga, ta soma aiki da ita a 2017, Jumhuriyar Nijar kuma a 2021. Abin da mu ke da shi shi ne Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Ita ta ce mai son ɗaukar yaro sai ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, ya zama ɗan Nijeriya, kotu ce kuma za ta yanke. Ta hana a biya ko a karɓi kuɗi a kan yaro. Kowace jiha sai ta kafa tata dokar, Jihar Kebbi kuwa ta sa hannu a tata a 2022. Waɗansu ƙasashe ba su gamsu da yadda a ke bin dokokin nan a wurinmu ba. A watan Maris na 2021 gwamnatin Ingila ta rufe ƙofar ɗauko yara daga Nijeriya, ta ce ba a iya dogara ga takardunmu, ga cin hanci, ga fataucin yara. Maganar tana da ɗaci, amma ba mu ga yadda za mu musa ba. Amurka kuwa, tun daga watan Yuli na 2014, ta ce duk ƙungiyarta da ke wannan aiki sai ta sami amincewa, ko a ƙasar da ta shiga yarjejeniyar Heg ko a wadda ba ta shiga ba. Cikin ƙa'idodinta akwai guda da ta kamata kowane ɗan kasuwa ya gane hikimarta: an hana a biya ma'aikaci gwargwadon yawan yaran da ya samo. Watau an hana la'ada.

Yanzu sai mu saurari masu ƙorafi, gama suna da magana.

Waɗansu su kan ce dokokin nan sun kashe aikin. A 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje, a 2023 ba su kai 1,500 ba. Habasha ta rufe ƙofarta a 2018, Sin ta rufe a 2024. Su kan ce cikin waɗanda aka hana fita lalle akwai yaron da ba shi da kowa da gaske, ko mai naƙasa da ba wanda zai ɗauka a gida, ga shi zai girma a gidan marayu yana jiran takarda. Gaskiya ne, ba mu da amsa mai daɗi a kan wannan. Shekara guda a wurin jariri ba daidai ta ke da shekara guda a wurin ma'aikacin ofis ba. Ma'aikacin da ya bar takardar yaro tana shan ƙura a kan teburinsa, shi ma ya ɗauki alhaki. Amma maganin jinkiri shi ne a hanzarta binciken, ba a daina shi ba. Kada kuma mu ɗauka duk raguwan nan hasara ce. Cikin dubban da a dā su ke fita, da yawa ba marayu ba ne, 'ya'yan talakawa ne kawai.

Waɗansu kuma su kan ce takarda ba ta hana ɓarna. Su ma sun yi gaskiya. Koriya ta Kudu ta aika yara wajen 200,000 ƙasashen waje tun daga shekarun 1950, ta hannun ƙungiyoyin da gwamnati ta yarda da su. A watan Maris na 2025 hukumar bincike ta ƙasar ta bayyana cewa an rubuta waɗansu yara marayu alhali iyayensu suna da rai, an musanya sunan wani yaro da na wani, gwamnati kuwa ba ta tsare ba. Haka kuma wata ƙungiya a Ohayo ta Amurka, European Adoption Consultants, tana da amincewa a hannu sa'ad da gwamnati ta dakatar da ita a ƙarshen 2016. Daga baya waɗansu ma'aikatanta suka amsa laifi a kotu a kan ba ma'aikatan Uganda hanci don a fitar da yara. Amma a lura. Abin da ya sa aka iya dakatar da ita, akwai abin da aka ba ta wanda a ke iya ƙwacewa. Ƙungiyar da ba ta da suna a littafin kowa, me za ka ƙwace a hannunta? Takarda ba ta gani, mutum ne ke gani. Darajarta tana ga wanda zai tashi daga kujerarsa ya je ƙauye ya tambaya.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi kusa da mu, shi ne kuma ya fi wuya. Su kan ce, "In ka ba hukuma ikon ba da izini, ka ba ta sanda. Wa ya sani kan wa za ta buga?" Masu bi a ƙasar Hausa ba su manta da abin da ya faru a Kano ba. Ran Kirsimeti na 2019 jami'an tsaro suka shiga gidan marayu na Du Merci, suka kwashe yara, bayan 'yan kwanaki suka kwashe na reshensa a Kaduna, duka yara 27. Aka tsare mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa, a kan zargin satar yara da riƙe gida ba rajista. A 2021 kotu ta wanke shi daga satar yara. A 2022 aka ɗaure shi a kan zargin takardar rajistarsa ta jabu ce, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci. Shi ya fita, amma da yawa cikin yaran sun yi shekaru a gidan marayu na gwamnati ana ta shari'a a kansu. Ko wane gefe mutum ya ke, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. An ce don a kāre yara aka yi, ga shi yaran ne suka fi kowa shan wahala.

Amma ba za mu faɗi wannan mu haɗiye ɗaya ba. Wata biyu kafin haka, a watan Oktoba na 2019, 'yan sandan Kano suka komo da yara tara da aka sace daga unguwannin birnin, aka kai su Anaca aka sayar. An sake musu suna, an sake musu addini. A 2021 Babbar Kotun Kano ta yanke wa Paul Owne, wanda ya amsa laifi, ɗaurin shekara 104. Iyayen nan Musulmi sun yi shekaru suna neman 'ya'yansu. Hawayensu da namu ruwa ɗaya ne. Wanda ya yi kuka a kan Du Merci ya yi shiru a kan yaran nan tara, ba yara ya ke wa kuka ba, nasa ya ke wa. Haka kuma wanda ya yi kuka a kan tara ya yi shiru a kan ashirin da bakwai.

To, ina muka tsaya? A ganinmu hukuma tana da iko, har ma wajibi ne a kanta, ta tambayi duk mai tara 'ya'yan mutane: daga ina ka samo su, wa ya ba ka, ina kuɗinka ke fitowa, ina za ka kai su? Ba za mu ce, "Aikin Allah mu ke yi, ba mai tambayarmu" ba. Faransawan Abeshe ma abin da suka faɗa ke nan da nasu harshe. Mai aiki a cikin haske ba ya tsoron fitila. Amma ita hukumar ma akwai abin da ke kanta. Mudunta ya zama ɗaya ga kowa, gidan marayu na coci da na masallaci da na gwamnati kanta. Hanyar samun takarda ta zama a fili, a san ofishin, a san kuɗin, a san kwanakin. In an ga laifi a rajista, a gyara rajista, kada a fara da tumɓuke yara daga inda suka saba. Wanda aka hana kuma ya sami inda zai kai ƙara. Izinin da ba a ba kowa sai na gida, ba izini ba ne, son kai ne da hatimi.

Akwai abu guda kuma da babu dokar Heg ko ta Abuja da za ta yi mana. Duk takardun nan, ko sun kai tsayin mutum, a kan shaidar wani su ke tsaye a can ƙasa: wani ya ce uwar ta mutu, wani ya ce ba dangi, wani ya ce an tsinci yaron ne. Ku tuna da Yusufu. 'Yan'uwansa suka sayar da shi ga fatake masu zuwa Masar, sa'an nan suka tsoma rigarsa cikin jinin akuya suka kai wa ubansu. Ba su ce ya mutu ba, sun bar rigar ta yi musu ƙarya. Tsohon ya yi shekaru yana makokin ɗan da ke da rai. Allah ya juya abin ya zama alheri, amma wannan bai wanke 'yan'uwan ba. Kada kowa ya ce, "Ai yaron ya ci gaba a can," ya ɗauka ya biya bashin ƙaryar da aka yi wa uwarsa. Rigar Yusufu ta zamanin nan wasiƙa ce mai hatimi. Sau da yawa kuwa hatimin da baƙo ya fi so shi ne na fasto ko na dattawan ekklesiya, gama a can an fi gaskata shi.

Ƙasan nan ta san abin da a ke nufi da yaro ya ɓace daga asalinsa. Jega babbar kasuwa ce tun zamanin fataken Gwanja, kamar sauran manyan kasuwannin lokacin kuwa, ba goro da gishiri kaɗai aka sayar a cikinta ba. Da Turawa suka hana cinikin bayi, sai suka sami kansu da yara a hannu waɗanda ba su san sunan garinsu ba. Aka tara su a Zungeru, a 1909 aka miƙa su ga mishan a Rumasha ta bakin Binuwai. An ciyar da su, an koya musu karatu, amma da yawa ba wanda ya iya mayar da su gida, gama ba wanda ya san gidan. Sa'ad da aka yi yaƙin basasa kuwa, an kwashe dubban yara daga gabas zuwa Gabon da Kwaddibuwa don yunwa. Bayan yaƙi gwamnatin Nijeriya ta ce a komo da su. Cikin 1970 da 1971 aka komo da su, aka yi ta bin ƙauyuka ana neman danginsu, da yawa kuma aka same su. Bambancin yaran Rumasha da waɗannan shi ne suna da aka riƙe, da wanda ya damu ya nema.

Saboda haka, 'yan'uwa, in baƙo ya sauka a Jega ko Aliero ko Maiyama, da mota mai kyau da hotunan yara masu murmushi, ya ce yana neman marayu zai kai su birni ko ƙasar waje, a karɓe shi da ruwa da tabarma yadda muka saba. Sa'an nan a tambaye shi takardarsa, a karanta ta, a aiki mutum Birnin Kebbi ya tambaya a ma'aikatar da ke kula da mata da yara ko sun san shi. A sanar da mai unguwa da hakimi. In ya ƙi, ko ya ce a yi sauri kada dama ta wuce, akwai hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 domin masu fataucin mutane. Kada fasto ya rubuta "maraya" a kan yaron da bai san kabarin iyayensa ba. Kada a bar gwauruwa ta dangwala yatsa sai an karanta mata takardar duka da Hausa, a gaban ɗan'uwan mijinta da nata. A tambayi baƙon kai tsaye a gabanta, "Yaron nan zai komo? Yaushe? Da wane suna?" Kafin wannan duka ma, dattawa su tambayi matar abin da ya sa ta ke so ta ba da ɗanta. In amsar ita ce hatsi ya ƙare ko kuɗin makaranta ya gagara, wannan ba aikin jirgin sama ba ne, aikin baikon ranar Lahadi ne.

Ko riƙon da mu ke yi a tsakaninmu ma, lokaci ya yi da za a riƙa rubuta shi, tun da yanzu mariƙi ya kan tashi daga Jega ya koma Abuja ko Fatakwal da yaron. Kowace ekklesiya ta sami littafi guda. A rubuta sunan yaro, da na ubansa, da na uwarsa, da garin kakanninsa, da wanda ya ɗauke shi, da inda aka kai shi, da ranar. Shaidu biyu su sa hannu. A sa littafin cikin akwatin ƙarfe saboda gara, a kuma bar kwafi ɗaya a hannun dangin yaron.